Tsuntsu Na Goma a Rigar Nikte

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan jikokina.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To, Lantana, cire hannunki daga kwanon gyaɗar nan, ki ba ni kunnenki.

An yi wata mata mai suna Tomasa, a wata ƙasa da ake kira Gwatemala, can bayan babban teku. Garinsu yana bakin wani tafki shuɗi, duwatsu uku masu hayaƙi suna tsaye a kansa. Da safe hazo yakan sauko ya kwanta a kan ruwa, har masu kwalekwale su zama kamar a cikin gajimare suke tuƙi.

Mutanen Tomasa su ne Maya. Kakanninsu sun gina birane na dutse masu matakala, waɗanda yanzu daji ya rufe. Da baƙi suka zo da jiragen ruwa suka ƙona littattafansu, sai mata suka ce ba komai, za mu saƙa labarinmu a riga. Tun daga nan kowane gari ya samu nasa adon. Ka ga mace a kasuwa, rigarta za ta gaya maka garinsu kafin ta buɗe baki. Adon garin Tomasa tsuntsaye goma ne jajaye, dukkansu suna kallon tafki.

Su kuwa ba a zaune cikin rumfa suke saƙa ba. Mace takan ɗaura bakin zare a jikin itace, ta ɗaura ɗaya bakin a ƙugunta, ta durƙusa ta yi ta aiki.

Wata rana Tomasa tana saƙa wa 'yarta Nikte riga. Yarinyar shekararta huɗu. Ta gama tsuntsu tara, ta yi wa na goma kai da ƙafa, saura fiffike, sai ƙarar bindiga ta tashi a bayan gari. Yaƙi ya zo. Tomasa ta yanke rigar a haka, ta zura wa yarinyar, ta miƙa ta ga maƙwabciyarta.

Ta ce, "Ku yi gaba, ku tsallake iyaka. Bari in ɗauko tsohuwata, ina bayanku."

Kafin ta fito da tsohuwar, an tare hanya. Abin da ya rage mata shi ne guntun jan zaren fiffiken nan, sai ta ɗaura shi a wuyan hannunta.

Masu bindiga kuwa da riga suke gane ɗan gari. Saboda haka mata suka tuɓe tsuntsayensu suka binne a ƙasa. Tomasa ta binne tata rigar a gindin itacen saƙarta. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai zuciyata ta yi nauyi.

Shekara ashirin ta wuce. Yaƙi ya ƙare, idon Tomasa ya dushe, ba ta ganin komai sai inuwa. Kullum da yamma takan zauna a gindin itacen tana rerawa:

"Zare ja, zare ja,
ina 'yata ta kwana?"

Tana da gonar masara mai kyau, ta kuwa ce ba mai gadonta sai Nikte.

Ashe Biri yana saman itacen yana ji. Birin ƙasar nan dogon hannu gare shi da dogon buri. Ya ce a ransa, tsohuwa ba ta gani, gona kuwa masu shuka kofi suna so su saya. Ya tafi birni, ya sa inji ya buga masa riguna ɗari masu tsuntsu goma. Ya sayar da casa'in da tara a kasuwanni, ya saka ɗaya, ya cusa wutsiyarsa a cikin zane.

Ya sirantar da murya ya ce, "Inna, ni ce Nikte, na dawo."

Tomasa ta ce, "Matso in taɓa."

Ta juya bakin rigar ta shafa cikinta. Ta ce, "Sumul, babu ƙulli ko ɗaya. Ba hannu ya yi wannan ba. Koma inda kika fito."

Biri ya tafi. Ya sato rigar saƙar hannu daga shanya a garin da ke tsallaken tafki. Ya dawo.

"Inna, ni ce Nikte, na dawo."

"Matso in taɓa."

Ta bi tsuntsayen da yatsa. Ta ce, "Hannu ya yi ta, amma tsuntsayenki dutse suke kallo. Namu tafki suke kallo. Koma inda kika fito."

Biri ya hau itace yana cizon yatsa. Sai ya tuna abin da ya gani shekara ashirin da ta wuce. Ya jira Tomasa ta tafi ɗiban ruwa, ya tone gindin itacen, ya ciro rigar da ta binne.

To, mu bar shi yana kakkaɓe ƙasa, mu koma ga Nikte. Ɗanlami, kar ka yi mini barci, nan ne daɗin.

Nikte ta girma a wata ƙasa. Maƙwabciyar da ta goye ta ta rasu ba ta gaya mata sunan garinsu ba. Harshen uwarta ma ya ɓace mata. Ta yi aure, ta haifi 'ya mace, da yarinyar ta kai shekara huɗu sai ta saka mata 'yar rigar nan, suka hau mota suka tsallako iyaka.

Duk kasuwar da ta shiga sai ta tambaya, "Wane gari ne mai wannan ado?"

Sai a ce mata, "Baiwar Allah, duba, kowa shi yake sawa yanzu." Rigunan Biri sun cika ko'ina.

Nikte ta zauna a bakin hanya ta yi kuka. Tana cikin kuka sai ta ga wani abu. Ɗan zaren da ke reto a kafaɗar tsuntsu na goma ya miƙe tsaye, babu iska, yana nuna gabas. Ta juya yarinyar, zaren ya juya ya sake nuna gabas. Suka bi shi. Suka ratsa gonakin kofi, suka wuce wani tsohon birnin dutse inda aku ke kwana a kan matakala, suka shiga hazo, suka fito a bakin tafki shuɗi.

A daidai lokacin Biri yana gaban Tomasa, mutanen gari sun taru.

"Inna, ni ce Nikte, na dawo."

"Matso in taɓa."

Ta shafa ciki, ga ƙulli irin nata. Ta shafa waje, ga tsuntsaye suna kallon tafki. Dattawa suka ce, "Tomasa, wannan kam saƙarki ce. A ba ta gona." Biri har ya fara lasar baki.

Tomasa ta ce, "Ku dakata." Ta bi tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya har na goma. Ta ji fiffikensa biyu cif. Ta ce, "Saƙata ce, amma rigata ce. Ta 'yata ban gama ta ba."

Sai ta ji guntun zaren da ke hannunta yana jan ta. Ta bi shi da rarrafe ta ratsa ƙafafun mutane, har hannunta ya sauka a kan kafaɗar wata 'yar yarinya. Ta shafa. Kai, ƙafa, babu fiffike.

Matar da ke riƙe da yarinyar ta durƙusa tana magana da wani harshe. Tomasa ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ta shafa fuskar matar, ta shafa ta sake shafawa, suka rungume juna suna kuka.

Biri ya ga asiri ya tonu, ya zabura zai gudu. Wutsiyarsa ta fito daga zane, ta sarƙe da tsohuwar igiyar saƙa da ke jikin itacen, igiyar ta fizge shi sama, kai ƙasa. Mata suka tuɓe masa rigar suka bar shi yana lilo. Shi ya sa har yau birin ƙasar nan da wutsiya yake rataye a itace, ba ya kuma shiga kasuwa.

Tomasa ta kwance zaren daga hannunta, ta ce a ba ta allura. Jikarta na zaune a cinyarta, Nikte ta riƙe mata bakin rigar, ita kuwa tsohuwar ta ɗinka fiffiken da lalube. Zaren ya isa daidai, ko kaɗan bai ragu ba. Waɗanda suke wurin sun ce sun ga tsuntsun ya girgiza jiki, ya kaɗa fiffike sau ɗaya, sannan ya juya kai ya kalli tafki tare da 'yan'uwansa.

Kun ji dai. Maƙaryaci yana iya kwaikwayon duk abin da kuka gama, amma abin da ke tsakaninku da uwarku wanda ba a gama ba, ku biyu kaɗai kuka san inda ya tsaya.

Ƙurunƙus kan ɗan biri mai lilo. Lantana, miƙo sauran gyaɗar nan, ku tashi ku shiga ɗaki.