Jirgin da Aka Yi wa Rumfa

Akwai wani mai fito a wani gari da ke bakin kogi. Aikinsa ƙetarar da mutane a jirginsa na katako. Duk wanda ya tsaya a wancan ƙetaren ya ƙwala kira, "Mai fito!" ba ya kira sau uku.

Wata shekara kogi ya yi ambaliya. Ran nan da hantsi mai fiton yana zaune da iyalinsa da maƙwabta, ya gutsuttsura gurasa ya rarraba musu, ƙwaryar kunu tana zagayawa, sai ga kira daga ƙetare. Ya ajiye rabin gurasarsa ya miƙe. Matarsa ta riƙe masa riga. Ya ce, "Ku ci, ku sha. In ban dawo ba, duk ran da kuka zauna haka, ku tuna da ni."

Sawu bakwai ya yi yana kwaso mutane. A na takwas jirgi ya yi nauyi, sai ya sauka cikin ruwa yana tura shi. Jirgi ya kai gaɓa, shi bai kai ba.

Mutanen gari suka yi makoki ƙwarai. Don girmamawa suka jawo jirgin kan tudu, suka yi masa rumfa, suka shafe shi da fenti, suka sa ɗansa Dogara ya riƙa lura da shi. Kowace shekara sai su taru a rumfar, su raba gurasa, su sha kunu a ƙwaryar nan tasa, su yi waƙa har da hawaye. Fito kuwa ya tsaya. Mai son ƙetarewa sai ya zagaya ta gada, tafiyar yini guda.

A shekara ta goma kogi ya sake cika. Suna zaune a rumfa, ƙwarya ta zo hannun Dogara ke nan, sai aka ji murya daga ƙetare: "Mai fito!" Wata mata ce da yara biyu a kan ɗan tudu, ruwa yana cin tudun ta kowane gefe. Kowa ya sunkuyar da kai. Aka sake kira.

Wata tsohuwa mai suna Iya Liyatu ta ce, "Dogara, kunnenka ne ya toshe, ko kunun ne ya yi daɗi?"

Ya ce, "Iya, muna tsakiyar tunawa da Baba. Ga shi kuma jirgin ya bushe, duk ya tsattsage."

Ta ce, "Ɗana, ni ina cikin sawu na takwas. Ban ga yadda ubanka ya ci gurasa ba, yadda ya zo na gani. Shekara goma muna kwaikwayon zamansa, ba wanda ya kwaikwayi tashinsa."

Aka yi kira na uku. Dogara ya ajiye rabin gurasarsa ya miƙe. Maza suka cicciɓi jirgi zuwa ruwa, mata suka yage bakin zannuwansu aka cusa a tsagogin. Duk da haka ruwa yana shiga. Iya Liyatu ta juye sauran kunun, ta miƙa wa matar Dogara ƙwaryar, ta ce, "Ungo, ki kwarfe da ita." Yana tuƙi tana kwarfewa, har suka dawo da matar da yaranta. Aka zaunar da su a rumfa, aka ba su gurasar da ta rage.

Tun daga ranar jirgin bai koma tudu ba. Da katakon ya sha ruwa kwana biyu, sai ya kumbura, tsagogin suka haɗe da kansu.

Ma'anar wannan misali ita ce: mai fiton nan Yesu Almasihu ne, wanda ya shiga ruwan mutuwa domin mu kai gaɓa. Gurasa da ƙwarya Jibin Ubangiji ne, da ya ce mu riƙa ci muna sha domin tunawa da shi. Mutanen garin ba su yi laifi da suka taru ba, ko kaɗan. A rumfar ne suka riƙe sunansa, a can ne kuma tsohuwa ta farkar da su. Kada kowa ya ce zai bar teburin Ubangiji wai shi aiki zai je. Wanda bai zauna ya ci ba, da wane ƙarfi zai yi tuƙi?

Amma 'yan'uwa, ku duba abin da muke tunawa! Jiki ne da aka bayar, jini ne da aka zubar saboda waɗansu. In mun karɓa da hawaye ran Lahadi, ran Litinin maƙwabci yana asibiti ba mu leƙa ba, ga wanda muka yi shekara ba ma gaisawa, ga ƙauyen da bai taɓa jin bishara ba, ashe mun yi wa jirgi rumfa ke nan.

Kada ka ce bangaskiyarka ta bushe, ta tsattsage. Sa ta a ruwa, Ubangiji zai haɗe ta. Ran da ƙoƙon ya zo hannunka, ka sha da godiya, sa'an nan ka kasa kunne. Akwai mai kira a ƙetare.