Ranar da Inna Ta Tare Ruwan Sama a Bene

Akwai wata dattijuwa da dangi ke kira Inna Na-Sani, domin kafin ka rufe baki ta ce maka "na sani". Mace ce mai aiki, ba ta san ƙyuya ba. Kunne ne kawai Allah bai ba ta ba.

Ɗanta direban bas ne a wani birni na ƙasar waje. Da cikin matarsa ya tsufa, sai ya aika wa Inna ta zo ta zauna da su. Gidan haya ne a hawa na uku, kuma sun sha wuya kafin su samu, don ba kowa ke son ba baƙo ɗaki ba. Shi ma wannan mai gidan da sharaɗi ya ba su: ranar da suka yi ɓarna, su tattara nasu ya nasu.

Wata safiya hadari ya haɗu. Ɗan ya fita aiki, surukar kuma za ta asibiti awo. Tana saka takalmi ta ce, "Inna, yau ki huta. Ga shayi nan a fulas. Abu ɗaya kawai, ramin nan na ƙasan baranda, kada wani abu ya toshe shi, don..."

"Na sani."

"Inna, ai ban ƙarasa ba."

"Ke yarinya, ruwan sama za ki koya mini? Ina tarar ruwa uwarki ba ta yi haƙori ba. Wuce kada likita ya tashi."

Surukar ta yi dariya, ta ja ƙofa.

Ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Inna ta ja kujera bakin taga, ta miƙe ƙafafu, tana kurɓar shayi. Can ƙasa mutane na wucewa da lema kala-kala, wani har yana jan kare sanye da riga.

"Ikon Allah," ta ce. "Kare da riga, maigidansa da gajeren wando."

Rabonta da hutu irin wannan har ta manta. Amma da idonta ya sauka kan baranda, sai hutun ya gagara. Ruwa fari tas yana kwarara cikin rami, yana tafiya a banza. A garinsu, ruwa irin wannan har tukunyar miya sai an fito da ita. Ga babbar dardumar falo duk ta yi dauɗa.

Ta samo tsohon tawul ta cusa a ramin, ta danne da tukunyar fure. Ta jawo dardumar ta shimfiɗa a baranda, ta barbaɗe ta da garin sabulu.

"Jiƙa dai, in na tashi na dirje ki."

Ta kishingiɗa a doguwar kujera. Barci ya kwashe ta.

Dukan ƙofa ne ya tashe ta. Tana sauke ƙafa ta ji sanyi har idon sawu. Silifas ɗinta na iyo a tsakar falo, kumfa ta shiga har ƙarƙashin gado.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Tana buɗe ƙofa ruwan ya riga ta fita, ya bi matakala. Mai kula da ginin ne tsaye, da wata mata tana ihu da yarensu. Matar ta kama hannun Inna ta ja ta zuwa hawa na biyu.

A can wata tsohuwa ce kwance, ba ta iya tashi. Silin ya ɓantare ya zubo kan bargonta, ruwa na ɗiga daga cikin ƙwan fitila, wuta ta ɗauke. Tsohuwar sai rawar ɗari take yi tana kallon sama. Mai ihun nan 'yarta ce.

Inna ta ɗora hannu a ka.

Mai kula da ginin ya hau sama. Ya dawo riƙe da tawul yana ɗiga, ya ɗaga shi kowa ya gani.

Aka kira ɗan Inna ya zo a jiƙe da kayan aikinsa, mai gidan ma ya iso. Suna magana, Inna na jan rigar ɗanta.

"Me yake cewa?"

"Ya ce ƙarshen wata."

"Ƙarshen wata me?"

"Mu tashi, Inna."

"Da cikin nan? Gaya masa ni ce! Ni zan koma gobe, ya bar ku."

"Na gaya masa. Ya ce ba ke ya ba haya ba."

Surukar ta dawo daga asibiti, tana zaune a matakala, riƙe da baya. Inna ta tsaya a gabanta.

"Ki yi mini faɗa mana, 'yar nan."

"Inna, zanenki a jiƙe yake. Zo ki sauya kada sanyi ya kama ki."

Da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Ɗaki ɗaya suka samu a can ƙarshen gari, banɗaki na haɗaka da maƙwabta. Ranar da suka kwashe kaya, Inna ta shigo ɗauke da kwalin kwanuka, ta tsaya a bakin ƙofa.

"'Yar nan, ina zan ajiye wannan?"

Surukar ta soma bayani. Inna ta tsaya da kwalin a hannu duk da nauyinsa, har sai da yarinyar ta gama maganarta tsaf.

Darasi: Shekaru ba sa koya maka gidan da ba ka taɓa kwana ba. In ka je baƙon wuri, ka bar mai wurin ya ƙarasa maganarsa, ko da kai ka haife shi, don ɓarnar mai taurin kai sau da yawa a kan waninsa take sauka. Ku tura wa duk mai katse mutane da "na sani", kuma in kai ne, ka sake karantawa.