Layin Gawayi a Zauren Liman

An ce wai a wani gari na bakin gulbi, annobar amai da gudawa ta taɓa sauka da damina. Sarki ya damƙa al'amarin a hannun Tanimu dubagari. Shi kuwa ya rufe rijiyar kasuwa, ya ce kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha. Mutane suka ji haushi, mutuwa kuma ba ta tsaya ba. Da kuka ya yi yawa sarki ya tuɓe shi, ya naɗa Magaji Ɗantsoho. Magaji ya buɗe rijiya, ya sa aka turara gari da hayaƙi, sai ga mutuwa ta ragu. Jama'a suka taru a fada suna cewa a kori Tanimu daga garin, shi da iyalinsa. Sarki ya miƙa shari'ar ga Alƙali Hambali.

Alƙalin nan yana da nasa ciwon. Ƙanwarsa ta rasu a zamanin Tanimu, kuma ya ji zuciyarsa ta yanke hukunci tun bai zauna ba. Abin ya ba shi tsoro, sai ya nemi shaidar da ba ta da ɗan'uwa a kabari.

To, limamin garin yana da wata al'ada tun farkon annobar. Kowace Juma'a yakan ɗiga gawayi a bangon zaurensa, tsayin ɗigon daga ƙasa gwargwadon gawar da ya sallata a makon. Mako na gaba sai ya ɗan matsa ya yi wani, ya haɗa su da layi. Can alƙali ya kai shari'ar.

Magaji ya nuna bango ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wannan ai ko makaho ya shafa zai gane. Ga zamaninsa, layi na hawa kamar mai hawan giginya. Ga nawa, yana gangarowa."

Tanimu ya ce, "Ba ni da ta cewa, Malam. Na rufe rijiya, kuma an mutu."

Alƙali ya matsa kusa da bango. Ya ɗora yatsa a kan ɗigon makon da ƙanwarsa ta rasu, sannan ya bi layin a hankali tun daga farko.

Ya ce, "Kafin a rufe rijiya, layin nan a miƙe yake hawa. Bayan an rufe bai daina hawa ba, gaskiya ne, amma ya sunkuya. Ƙarin kowane mako bai kai na makon da ya gabace shi ba, har ya zo ya kwanta a ƙololuwa. Liman, a ina aka tuɓe Tanimu?"

Liman ya nuna wurin. Layin ya riga ya soma juyowa ƙasa.

Alƙali ya ce, "Ashe a gangare ka karɓi linzami, Magaji. Kuma zo ka dubi wutsiyar layinka. Ya sauko, amma bai taɓa ƙasa ba. Ya kwanta, ga shi a ƙarshen nan ya fara ɗaga kai."

Magaji ya matso ya duba.

Wani dattijo daga bakin ƙofa ya ce, "Malam, ƙanwarka fa?"

Alƙali ya ce, "Tana cikin ɗigon nan, Baba. Da layin bai sunkuya ba, da 'ya'yanta ma sun bi ta."

Sannan ya yanke hukunci. Tanimu ba ya zuwa ko'ina. Rijiyar kasuwa kuwa a rufe ta kafin la'asar, kuma Magaji ne zai ɗora murfin da hannunsa, don waɗanda suka ga ya buɗe su ga ya rufe.

Duk wanda zai yi wa mutum hukunci a kan wani bala'i, kada ya tsaya ga tsayin da bala'in ya kai a zamaninsa. Ya nemi wurin da ya fara sunkuyawa, ya tambayi hannun wa ya tanƙwara shi.