Keken Baba Da Ya Ƙi Naɗuwa

Akwai wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da kowa ke kira Injiniya, har matarsa. Sunan kuwa bai yi masa yawa ba, don hannunsa na da kyau. Abu in ya lalace, ka miƙa masa ka je ka yi barcinka. Matsalarsa ɗaya ce, bai san inda ake tsayawa ba. Ka ba shi fanka ya gyara, sai ya dawo maka da ita da fitila a goshi.

Mahaifinsa dattijo ne mai lambun dashe a bayan gari, yana rainon ƙananan itatuwa da furanni a leda yana sayarwa. Tun bayan rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai a saman wani tsohon bene mai ƙuntatacciyar matakala. Kullum sai ya sauko ya taka zuwa tasha, ya hau bas, in ya sauka kuma ya sake taka wata doguwar hanya kafin ya isa lambun.

Ana nan sai gwiwarsa ta dama ta fara ciwo. Likita ya duba, ya ce doguwar tafiyar ƙasa ta ƙare masa.

Auta, ƙanwar Injiniya, ta samu abin da take nema. Ta ce, "Baba, ka bar lambun nan haka. Ka dawo gidana ka huta."

Baba ya ce, "In huta in yi me? In zauna ina korar ƙudaje? Ranar da kuka ga na daina zuwa lambun nan, ku san tawa ta ƙare."

Injiniya ne ya raba gardamar. Ya ce akwai keken lantarki mai naɗewa, mara nauyi. Baba zai sauko da shi a hannu, ya hau zuwa tasha, ya naɗe shi ya shiga bas, in ya sauka ya buɗe ya ƙarasa lambu. Auta ta yarda, amma da sharaɗi: in gwiwar ta ƙara lalacewa, Baba zai miƙa makullin lambun ga mai filin da ya ba shi haya, ya koma gidanta. Baba ya amince, don ba shi da wata mafita.

Ranar Asabar Injiniya ya iso da ƙaton kwali a kafaɗa, yana hawan bene yana fito. A tsakiyar falo ya yanke kwalin, ya ciro keken, baƙi siɗik, yana ƙamshin sabuwar roba. Ya miƙar da kan keken ya danne maƙallinsa. Ya ɗaura feda, yana bayanin cewa ta hagu ta baya ake murɗa ta, wanda bai sani ba sai ya cinye haƙoran ƙarfen. Ya ba tayoyi iska, ya juya ta gaba ya kasa kunne, ya ji birki na ɗan goga, ya sassauta noti biyu ya daidaita har ƙarar ta ɗauke. Sannan ya jona batir a caji.

Baba na gefe a kan kujera, ya haɗa musu shayi, yana kallon hannun ɗansa yana murmushi.

Da batir ya cika, Injiniya ya nuna masa yadda ake naɗewa. Ka buɗe maƙallin tsakiya, ka karya keken biyu, ka kwantar da kai, shi ke nan. Baba ya gwada, ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya ce, "Ikon Allah! Ai buhun taki ya fi shi nauyi."

Makon farko komai ya tafi daidai. Baba na zuwa lambu yana dawowa, gwiwa ta lafa, Auta ta yi shiru. Da a nan Injiniya ya tsaya, da babu labarin da zan ba ku.

Sai ya shiga wani zaure na masu irin keken a waya. Nan ya ga kowa na ɗora hoton nasa, wannan ya sa babban batir, wancan ya sa taya mai kauri. Injiniya ya dubi hoton keken Baba, ya ga kamar tsirara yake. Ya ce a ransa, ubana ba zai hau keke kamar na maraya ba.

Asabar ta zagayo, ya zo da batir wanda ya ninka na farko.

"Baba, da wannan sai ka je lambu ka dawo har kwana uku ba ka nemi wuta ba."

"Allah ya yi maka albarka."

Asabar ta gaba ya zo da tayoyi masu kauri, wai saboda ramuka. Ta gaba da ita kuma kariya ta ƙarfe, wato mazaunin kaya na baya, da akwati a kai. Daga nan sai fitila mai hasken mota, sai madubai biyu, sai oda mai firgita kare, sai wata sarƙar kullewa da za ta iya ɗaure bijimin sa. Duk abin da ya ɗaura, da kyau yake ɗaura shi, babu noti ɗaya da ke girgiza. Yana gamawa ya ɗauki hoto ya tura zaure, a yi ta yi masa kirari, kansa ya ƙara girma.

Baba kuwa kullum amsarsa ɗaya. Ya haɗa shayi, ya jawo kujera kusa, ya miƙa sifana in an nema, ya sa albarka.

Matar Injiniya ta taɓa ce masa, "Wai Baban ne ya ce yana son duk wannan tarkacen?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke me kika sani a keke? Baba ai ba zai san abin da ya rasa ba sai an ba shi."

Ba a daɗe ba Auta ta kira shi, ranta a ɓace. "Yaya, ka ga gwiwar Baba kuwa? Ta kumbura ta fi da. Kekenka bai yi komai ba. Na yi masa magana, ya ce gobe da safe zai kai makullin lambu."

Injiniya ya ji maganar har ƙahon zuciyarsa. Keken da duk zaure ke yabo ne bai yi komai ba? Ya ce mata, "Keken nan babu kamarsa a garin nan. In akwai matsala, ba daga shi ba ne."

A makon nan dama bayansa ya riƙe, garin ɗaga wata na'ura a wurin aiki, har an ba shi hutu. Duk da haka washegari da sassafe ya lallaɓa ya hau benen, yana dafa bango. Bai taɓa zuwa gidan a ranar aiki ba, bai kuma taɓa ganin fitar Baba da keken ba.

Ya tarar da shi ya shirya, makullin lambu a hannu, idonsa ya faɗa kamar wanda bai yi barci ba.

Bayan sun gaisa Injiniya ya ce, "Baba, kafin ka kai makullin nan, mu sauka da keken ka hau a gabana. Ina so in ga abin da ke damunsa."

Ya buɗe maƙallin tsakiya ya karya keken. Keken ya tafi rabi ya tsaya. Akwati ya tokare madubi, taya mai kauri ta ƙi haɗuwa da 'yar uwarta, wayar fitila ta ɗaure tam. Ya danna da gwiwa, ya ƙi. Ya ce ba komai, a haka ma sai a sauka da shi. Ya sunkuya ya cicciɓa, bayansa ya amsa, ya saki keken ya dafe ƙugu yana salati.

Da can da ƙarfinsa yake ɗaga shi, shi ya sa bai taɓa jin nauyin ba. Yau da jikinsa ya zama irin na mai rauni, keken ya nuna masa ainihin halinsa.

Baba ya ce, "Bari, kada ka ji wa kanka ciwo. Tsaya ka ga yadda nake yi."

Ya zare batir ya rungume, ya kama ƙarfen matakala, ya fara sauka. Ƙafa mai lafiya ta fara, mai ciwo ta biyo, yana cije leɓe. Ya ajiye batir a ƙasa ya hawo. Ya kwance akwati da sarƙa, ya juya zai sake sauka.

Injiniya ya tare ƙofa. "Baba, tsaya. Kullum haka kake yi?"

"Safe da yamma. In na gama da waɗannan sai in dawo in jawo shi kansa, a hankali, taka ɗaya bayan ɗaya."

"To bas fa?"

Baba ya ce, "Direba ya daina ɗaukata da shi. Ya ce wannan ya tashi daga kaya ya koma babur. Sai in kulle shi a shagon wani mai kirki kusa da tasha, in shiga bas, in na sauka in taka zuwa lambun."

Nan take Injiniya ya gane. Wato doguwar tafiyar da likita ya hana tana nan, ga kuma hawa da saukar bene da shi ya ƙara masa da hannunsa. Kunya ta rufe shi, ya kasa haɗa ido da mahaifinsa. Gwiwar da ya sayi keken don ya ceta, shi ne yake ta karya ta kowace Asabar, yana ɗaukar hoto.

Ya zauna a ƙasa duk da ciwon bayan, ya jawo jakar kayan aikinsa. Ya cire kariya, ya cire madubai, ya kwance fitila da oda. Ya tambayi tsoffin tayoyi da ƙaramin batir, Baba ya nuna masa ƙarƙashin gado, inda ya adana su a cikin kwalinsu. Ya mayar da kowanne mazauninsa, ya sake daidaita birki. Kafin rana ta take, tarkace ya yi tsibi a tsakar falo, keken kuma ya naɗe tsaf, maƙalli ya ce ƙas.

Sai a lokacin ya yi tambayar da ya kamata ya fara da ita. "Baba, kai me kake so a yi wa keken nan?"

Baba ya sosa gemu. "To, tunda ka tambaya. Ka ɗan sauke mini sirdin. In na tsaya, ƙafata ba ta kai ƙasa sosai, sai na karkata a kan gwiwar nan."

Injiniya ya tuna ranar farko shi ya hau ya auna tsayin sirdin, da dogayen ƙafafunsa. Ya buɗe maƙalli, ya sa Baba ya zauna, ya yi ta saukewa har dattijon ya ce, "Yauwa, nan." Aikin bai kai shan kofin ruwa ba.

Ya ɗago kai, idonsa ya yi ja. "Baba, don Allah me ya hana ka gaya mini? Tun a batir ɗin nan da ka ce ya yi nauyi, ai da na bari. Ka yarda ka rasa lambunka a kan ka ce mini a'a?"

Baba ya juya makullin a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Tun da mahaifiyarku ta rasu, sai dai in ji muryarka a waya. Ban ga laifinka ba, aiki ne da iyali. Sai ga keken nan ya zo, kowace Asabar kana nan, kana zaune a falona, muna shan shayi kana ba ni labari. Na ce a raina, in na ce masa ya isa haka, me kuma zai kawo shi?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Sai ga hawaye.

Makullin bai je hannun mai fili ba. Baba ya sauko da kekensa a hannu ɗaya, direba ya buɗe masa ƙofa ba gardama, cikin 'yan makonni kumburin ya saɓe, Auta ta janye maganarta. Injiniya ya kwashe tarkacen ya raba wa 'yan zaure, kuma har yau in wani ya nemi shawararsa kan ƙari, sai ya ce masa, "Fara gaya mini wa zai hau, kuma wa zai ɗauka."

Asabar ɗin da ta biyo baya, Baba na tsugune a lambu yana cika leda da ƙasa, ya ji sallama a bayansa. Ya waiwaya ya ga ɗansa, hannu babu jaka, babu kwali.

Ya ce, "Lafiya? Me ya lalace?"

Injiniya ya naɗe hannun riga ya tsuguna kusa da shi. "Babu abin da ya lalace, Baba. Zuwa na yi."

Darasi: Kafin ka ƙara wa mutum wani abu da sunan alheri, ka tambaye shi abin da yake buƙata, don abin da ya burge ka yana iya zama kaya a wuyansa. Kuma iyayenmu suna haƙuri da abubuwa da yawa a shiru don kawai su gan mu kusa da su. Kada ka jira sai wani abu ya lalace kafin ka je. Ka tura wannan labarin ga ɗan uwanka da ya daɗe bai leƙa gida ba, in kuma kai ne, ka san abin yi.