Kiyashi a Kan Tabarmar Damaris

Akwai wani manomin rake, mai yin mazarƙwaila, yana da 'yar ƙaramar yarinya sunanta Damaris. Yana ji da ita ƙwarai. In ta yi waƙa a coci sai ka ga yana miƙe wuya kamar shi ya koya mata, alhali shi in ya ɗaga murya har awaki gudu suke yi. Mutane kuwa sai su yi ta yi masa dariya.

Ana nan sai yarinyar ta fara shan ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tana cin tuwo kamar babba, amma sai ramewa take yi. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta daɗe da bari. Uwarta ta yi faɗa har ta gaji. Maƙwabta suka ce zafi ne, wasu suka ce sangarta ce.

Wata safiya, an sare rake an tara, ana shirin matsewa, sai manomin ya bi ta inda aka shanya tabarmar Damaris. Ya ga kiyashi sun yi baƙi a kanta, daidai inda ta jiƙe. Shi da kiyashi sun daɗe suna rigima a kan mazarƙwaila, ya san ba sa taruwa haka sai inda zaƙi yake.

Ya ce wa matarsa, "Maman Damaris, ɗauko mata riga. Asibiti za mu."

Wansa, da ya zo taya shi matse raken, ya ce, "Raken da aka sare zai yi tsami fa. A kan fitsarin kwance za ka bar aiki?"

Ya ce, "Yaya, rake zai sake tsirowa baɗi."

A asibiti aka ɗan soki yatsarta aka auna jini. Likita ta ce ciwon suga ne irin na yara, ba shan zaƙi ya kawo shi ba, ba kuma laifin kowa ba ne. Ta ce, "Baba, ka zo a kan lokaci. Da ka jira ta suma, da wuya mu cece ta."

Hannun nan mai kanta da ya saba da adda ya koyi yi mata allurar insulin, maganin ciwon, kullum, a hankali. Raken kuwa ya lalace. Amma Damaris ta murmure, ta koma waƙa, ubanta kuma ya ƙara miƙe wuya. Wannan karon babu wanda ya yi masa dariya.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. 'Ya'ya amanar Ubangiji ce a hannunmu. Kiyashin su ne ƙananan alamun da Allah yake nuna mana cikin jinƙansa: yawan ƙishi, yawan fitsari, rama ba dalili. Raken shi ne aikin da yake ce mana, "Bari sai gobe." In kun ga alamun nan, kada ku tsawata wa yaro. Ku yi addu'a kuna kan hanyar asibiti. Gona takan ba mutum wata shekara, amma manomin nan Damaris ɗaya gare shi.