Wakilai Uku da Rufin Gidan Barnaba

Akwai wani mutum mai suna Barnaba, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota. Doya da masara yake ɗauka daga wannan gari zuwa wancan, abin da ya samu kuwa sai ya mai da shi bulo da siminti. A haka har gida ya tashi, da rufin kwano da rijiya a tsakar gida. Da idonsa ya fara rauni, ya ajiye tuƙi, ya zauna a gidan tare da matarsa Biriskila. Ba shi da gona, ba shi da shanu. Gidan nan shi ne guminsa duka.

Ana nan, sai gobara ta tashi a gidan maƙwabcinsa da rana tsaka. Barnaba yana cikin masu ɗibar ruwa, amma kafin a ci ƙarfin wutar ba abin da ya saura sai bango baƙi ƙirin. Ya ga maƙwabcin zaune a kan turmi ya yi tagumi, matarsa tana tonon toka ko za ta tsinci tukunya. Tun daga ranar hankalin Barnaba bai sake kwanciya ba. In ya ji ƙauri, sai ya miƙe zumbur yana leƙa ɗakuna. In iska ta taɓa kwano, gabansa ya faɗi. Tuwo ma ya daina wuce masa.

"In gidan nan ya tafi," yakan ce wa matarsa, "da wane ƙarfin zan gina wani?"

Sai wani dattijon ikilisiya ya ba shi shawara ya yi wa gidan inshora, wato ya riƙa biyan wani kamfani kowace shekara, in masifa ta auka wa gidan, kamfanin ya ɗauki nauyin gyara. Barnaba ya aika, kamfanoni uku kuwa suka turo wakilansu.

Na farko saurayi ne mai zaƙin baki. Ko ƙofar gida bai wuce ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, namu ya fi na kowa araha. Ba ma sai mun ga gidan ba. Ka biya yau, ka kwanta ka yi barci har da minshari."

Na biyu ya zo a mota mai sheƙi. Ya ce, "Yallaɓai, mu kome da kome muke ɗauka. Gobara, ambaliya, guguwa, ɓarawo, har kazar da ke kiwo a tsakar gidanka." Da ya faɗi kuɗin, sai da Barnaba ya gyara zama.

Na uku mutum ne mai furfura kaɗan, ya zo a kan babur. Bai fara da zancen kuɗi ba, tsani ya nema. Ya hau cikin silin, ya jima, ya sauko da yanar gizo a kansa da guntun katako a hannu. Ya matsa shi da yatsa, sai katakon ya marmashe kamar gari.

Ya ce, "Baba, gara ta ci katakon rufinka ta gefen gabas. Gobara da iska da ambaliya muna ɗauka, amma ɓarnar da sakaci ya jawo ba ma ɗauka. Sai ka canza katakon nan kafin mu karɓe ka."

Kuɗinsa ya fi na farko, bai kai na biyu ba, ga kuma aikin kafinta a kai. Ran Barnaba ya ɓaci, kunya kuma ta kama shi. Ya ce, "Ni na gina gidan nan da gumina, yau baƙo zai hau ya tona mini asiri?" Mutumin ya ajiye guntun katakon a kan benci, ya yi sallama ya tafi.

Barnaba ya shiga saƙa da warwara. Da safe zuciyarsa tana wajen mai araha, don aljihu ba nauyi. Da rana ta koma wajen mai kome da kome, don tsoro ya yi masa yawa. Na ukun kuwa ko tunaninsa ba ya son yi, amma duk sa'ad da ya ɗaga kai ya dubi silin sai ya ji kamar ana cin katakon a cikin ƙirjinsa. Ga damina ta matso, hadari ya fara leƙowa yana komawa.

Sai Biriskila ta ce masa, "Maigida, dukansu bakinsu ka ji, mai talla kuwa ba ya kushe hajarsa. Tashi ka tambayi waɗanda ruwa ya riga ya doka."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya fara zuwa wurin wata gwauruwa, Mama Tabita, wadda ta yi inshora da kamfanin farko, ambaliya kuma ta cinye mata ɗaki. Ta yi dariyar takaici ta ce, "Ɗana, araha ba ta ado. Je ki dawo, je ki dawo, har takalmina ya tsinke. Zuwana na ƙarshe na tarar an mai da ofishin shagon aski."

Daga nan ya je wurin Malam Filibus mai shagon magani, wanda guguwa ta yaye wa rufi, yana tare da kamfani na biyu. Ya ce, "Sun biya, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma sai da damina ta fita wata ta shigo ina kwana ƙarƙashin leda, muna jayayya a kan kowace ƙusa."

A ƙarshe ya je wurin Ishaku mai injin niƙa, wanda ke tare da kamfani na uku. Ishaku ya karkaɗe gari daga rigarsa ya ce, "Mutanen nan sun ba ni haushi da farko. Sai da suka sa na sake wayar lantarkin gidana gaba ɗaya. Amma ranar da wuta ta kama kicin ɗina, hayaƙi bai gama lafawa ba suka iso."

Barnaba ya koma gida ya faɗa wa matarsa abin da ya ji. Suka sayar da tumakin da Biriskila take kiwo, suka kira kafinta. Da aka ɗaga kwano, ashe ɓarnar ta fi yadda aka zata, wani katakon da hannu kawai aka cire shi. Aka sa sabo, wakili na uku ya dawo ya sake hawa ya duba, sa'an nan ya karɓe su.

Duk da haka fargaba ba ta rabu da Barnaba ba. Yakan ce a ransa, "In fa Ishaku sa'a kawai ya ci?"

Wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi, tsuntsaye suka yi tsit. Iska ta taso da ƙarfin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Barnaba da matarsa suka durƙusa a falo, ita tana addu'a, shi kuwa idonsa yana kan silin. Kwano ya yi ta ƙara kamar zai tashi, amma sabon katako ya riƙe. Sai suka ji wata ƙara mai girgiza ƙasa daga yamma. Tsohuwar bishiyar mangwaro ce ta faɗo a kan ɗakin kwanansu, ta raba rufin biyu, ruwa yana kwarara a kan gado.

Barnaba ya kira kamfanin a waya. Muryar tana yankewa, abin da ya iya ji kawai shi ne, "Mun ji, Baba." Wayar ta mutu.

Washegari maƙwabta suka taru jaje. Wani ya dubi ɗakin ya girgiza kai ya ce, "Kamfani ai duk kanwar ja ce. Ka fara neman bashin kwano kawai." Maganar ta soki Barnaba. Ya tuna tumakin da aka sayar, ya kasa haɗa ido da matarsa. Duk babur ɗin da ya wuce sai ya miƙe, ya ga ba wakilin ba ne, ya koma ya zauna. Rana ta ɗaga, sabon hadari kuma ya fara haɗuwa.

Can sai ga mai furfuran nan a ƙafa, taɓo har gwiwa, domin ruwa ya cinye hanya ya bar babur ɗinsa a ƙetaren rafi. Bayansa kafintoci ne ɗauke da tamfol da zarto. Bai dubi rufin ba tukuna, ya riƙe hannun Barnaba ya ce, "Sannu, Baba. Mama lafiya? Ba wanda ya ji ciwo?"

Sai hawaye suka zubo wa Barnaba. Kafin ruwa ya sake sauka an rufe ɗakin da tamfol, kafin damina ta yi nisa kuma an mai da rufin yadda yake.

Ma'anar wannan misali ita ce: gidan Barnaba ranka ne, guguwa kuwa ranar wahala ce, wadda ba ta tsallake ƙofar kowa. Kowane ɗayanmu yana da wanda ya danƙa wa ransa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wakili na farko shi ne duk mai sayar maka da salama da araha ba tare da ya dubi zamanka ba, ko mai ba da laya ne, ko mai wa'azin da ba ya taɓa ambaton tuba. Ranar da ka neme shi ba za ka same shi ba. Na biyu shi ne dukiya da muƙami da sanin manya. Sukan yi alkawarin kome, wani lokaci ma sukan taimaka, amma a makare, da gori. Na uku yana nuna mana halin Ubangiji, wanda yakan shiga har inda muke ɓoye wa baƙi, ya nuna mana garar da ke cinmu, wato riƙo da ƙarya da girman kai, ya ce a cire. Gaskiyarsa da ɗaci, amma ita ce take riƙe rufi. Bai yi alkawari itace ba zai faɗo ba. Alkawarinsa shi ne zai zo.

Sai dai a wuri ɗaya misalin ya gaza: Ubangiji ba kamfani ba ne, ba a biyansa kowace shekara. Shi da kansa ya biya, a kan gicciye.

In har yanzu zuciyarka tana saƙa da warwara, kada ka tsaya ga bakina, ni ma mai shela ne. A cikin ɗakin sujadar nan akwai tsohuwar da ta binne miji da 'ya'ya, har yau kuma ita take fara ɗaga murya in an ta da waƙa. In an tashi, kada ka yi saurin fita. Je ka zauna kusa da ita, ka gaishe ta, ka tambaye ta wa ya zo mata a ranar wahala.