Aljanin da Ya Lashe Littattafan Kalmashu

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can bayan duwatsun da ayari ba ya ƙetarewa sai da guzurin wata uku, an yi wani birni mai suna Kalmashu, ƙarƙashin mulkin Sarki Shuraihu. Babu abin da mutanen birnin ke alfahari da shi kamar wani katafaren soro a bakin kasuwa, wanda kakan sarki ya cika da littattafai, ya bar wasiyya kada a taɓa rufe ƙofarsa ga kowa. Da an sallame la'asar, marina da shuɗin hannuwansu, da mahauta, da mata masu daddawa sukan cika tabarmin soron. Mai iya karatu ya ɗauki littafi, wanda bai iya ba ya matsa kusa da Gimbiya Rumasa'u, 'yar sarki tilo, wadda takan karanta musu a bayyane.

Kwatsam wata safiya sarki ya sa aka garƙame soron, bai gaya wa kowa dalili ba.

A rana ta bakwai wani baƙin ruwa mai warin tawada ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙofar, tsuntsayen da ke sheƙa a zankwaye suka watse. Tanimu marubuci, mai kwafar littattafai da ɗinka musu bango, ya zo ya faɗi gaban Gimbiya, ya buɗe mata littafin da ya gama jiya. Takardun fari fat.

Kafin wata ya kama, rubutu ya gushe daga alluna da wasiƙu da hatimin sarki kansa. Sannan abin ya koma kan mutane. Uwa sai ta dubi ɗanta ta nemi sunansa ta rasa.

Ranar Laraba da tsakar rana wata murya ta fito daga soron, har ƙasa na girgiza. Ta ce, "Ni ne Barzumu, aljanin da kakan sarkinku ya ɗaure a ƙarƙashin ginin nan. Sautin karatunku ne ya riƙe ni cikin barci shekara tamanin. Kun yi shiru, na farka da yunwa. Sharaɗin ɗaurina guda ne: a karanta mini Kundin Birni, littafin tarihin garinku, daga farko har ƙarshe, ga shi kuwa na lashe shi. Wanda ya gwada ya kasa, zai sandare inda yake tsaye."

Manyan malamai uku suka shiga, ba wanda ya fito. Gimbiya ta leƙa ta taga, ta hango su a tsaye kamar itace, bakunansu a buɗe. Ta koma gida ta kasa cin abinci, tana ta jan kundin a ranta, tana tsinkewa a babi na huɗu. Tana cikin haka sai ta ji wata tsohuwa mai daddawa a ƙofar gida tana maimaita labarin zuwan kakanninta birnin, kalma da kalma kamar yadda yake a rubuce. Nan take ta aika aka tara mata duk wanda ya taɓa zama a tabarmin soron.

Ta ce, "Ya ku iyayena da 'yan'uwana, babu mutum guda da ya haddace kundin nan, amma kowannenku yana riƙe da babin da yakan roƙe ni in maimaita masa. Ba na ɓoye muku cewa mai shiga yana iya rasa ransa. Ni dai zan shige gaba."

Tanimu ya ce, "Ranki ya daɗe, ni zan bi ki da alƙalami, in rubuta abin da aka faɗa."

Mutum arba'in da ɗaya suka shiga. Barzumu na naɗe a kan kantocin littattafai kamar hadari, harshensa baƙi ƙirin yana jan ƙasa. Gimbiya ta fara, Sarkin Marina ya karɓa, tsohuwa ta ɗora. Duk layin da Tanimu ya rubuta sai sanyi ya ƙara hawa hannunsa, har yatsunsa suka ƙage, ya sa aka ɗaure masa alƙalamin da tsumma.

Da suka kai ƙarshe aljanin ya tuntsire da dariya, ya ce, "Saura shafi guda!"

Ba wanda ya san da shi. Gimbiya ta ji ƙafafunta sun fara daskarewa, sanyin yana hawowa gwiwa. Sai ga Sarki Shuraihu a bakin ƙofa, ba rawani, ba dogari, riƙe da wata yagaggiyar farar takarda.

Ya ce, "Ni na yage shi ranar da aka rubuta, na kuma rufe soron nan don kada a gane. Kullum sai na karanta shi a ɓoye, har ya zauna mini." Sai ya karanta da ka: "A shekarar fari da yunwa Sarki Shuraihu ya hana a buɗe rumbunan fada, mutum ɗari bakwai suka mutu a Unguwar Masaƙa."

Masaƙan da ke wurin suka sunkuyar da kai, Gimbiya na hawaye. Tanimu ya dubi sarki, sarki ya ce, "Rubuta."

Yana ɗiga aya ta ƙarshe Barzumu ya kurma ihu, ƙasa ta tsage ta haɗiye shi. Baƙin ruwan ya janye, rubutu ya koma takardunsa, malaman nan uku suka zube suna tari.

Sarki ya taka da ƙafa har Unguwar Masaƙa, ya durƙusa ya nemi gafara, ya miƙa musu makullan rumbuna. Wasu suka yafe a ranar, wasu sai bayan shekaru. Ya kuma sa aka cire ƙyauren soron ɗungum.

Hannun Tanimu na dama bai sake miƙewa ba. Gimbiya Rumasa'u da bakinta ta gaya wa mahaifinta Tanimu take so, sarki ya ce ba shi da ta cewa. Aka ɗaura aure bayan kaka, masaƙa suka kawo wa amarya zane goma sha biyu, ango kuwa ya sa hannu a takardar aure da hagu.